Zuciyar Kanya

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Na gama sassaƙa fararen. Sarki, sarauniya, doki biyu, soro biyu, liman biyu, dakaru takwas. Hajiya Surayya tana da sunayensu na Turanci, ni dai waɗannan na raɗa musu, kuma babu wanda ya yi mini gardama a cikinsu. Wasan ces ake ce masa, darar Turawa. Makarantar Hajiya da ke Kumbotso ce za ta karɓi baƙin gasa a ƙarshen watan gobe, tana son babban saiti guda na itace da za a ɗora a teburin ƙarshe.

Shekaru na yi ina koyar da aikin katako a makarantar sana'a a gida, kafin a sa mata kwaɗo. Yau ga ni a rumfar kwano a bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, ina sa wa mutane ƙotar fartanya. Don haka da aka ce ga aikin da ke son ido da haƙuri, ban ja magana ba.

Aduwa na zaɓar wa fararen. Gawo ya yi taushi, kuma ƙwaro na sonsa. Malaina ba ta da nauyi, iska ma sai ta kayar da sarki. Aduwa kuwa itacen allo ce, ga nauyi ga laushin fuska, in ta sha samfefa sai ta yi kalar man shanu. Rifkatu mai koko ce ta ba ni, daga wadda ta faɗi a gonarsu lokacin yashe kanal. Ta ce ta bushe. Ban yarda ƙwarai ba, amma ba ni da wata.

Baƙaƙen ne matsala. Duk ƙasar nan shinkafa ce da albasa da tumatir, babu tsohuwar bishiya ko ta rantsuwa.

Laraba, 24 ga Afrilu, da hantsi

Na sassaƙa sarki da dakaru biyu na gwaji daga ragowar aduwar, na kai su marina a Kura wurin Baba Dattijo. Tsohon marini ne, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Tun ranar da bakina ya suɓuce na ce icce maimakon itace, irin maganarmu ta Zamfara, ya raɗa mini suna.

"Mai-icce! Yau kuma me aka kawo mana? Gumaka?"

"Baba Dattijo, ba su da ido, ba su da baki."

"To ai su ne mutanen kirki. Miƙo su."

Tsomawar farko suka fito kore kamar ganyen albasa, don aduwa rawaya ce a ƙasa. Ya yi ta dariya har da tari. Ya ci gaba da tsomawa yana shanyawa, har suka yi duhu. Daga nan ya shafe su da garin shuni, ya goge su da tsumma yadda ake wa rawani ɗan Kura. Sai da suka yi ƙyalli kamar wuyan tattabara. Gaskiya sun yi kyau. Na faɗa masa.

Asabar, 27 ga Afrilu, da azahar

Hajiya ta zo. Baba Dattijo ya hau acaɓa tun daga Kura don ya ji yabo da kunnensa.

Ta ɗauki baƙin sarki, ta juya shi, ta ajiye. Ta ɗauki farar sarauniya. Da ta ajiye ta sai ga shatin yatsu uku shuɗi a wuyanta. Ta dubi hannunta, ta dubi gefen farin mayafinta inda ta riƙe.

"Malam Suhaibu, mene ne wannan?"

Baba Dattijo ya gyara zama. "Shi ne ake nema, Hajiya! Shunin da bai zuba ba ai ba shuni ba ne. Kakanninmu sai an ga shuɗi a goshin mutum ake sanin ya isa."

"Baba, yara ne za su yi wasa da su. Kafin a tashi duk sun zama launi ɗaya, wa zai san nasa?"

"To sai a yi sulhu, a tashi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba ta son rini, ba ta son fenti. Ta nuna mini hoto a wayarta, wani saiti na ƙasar waje. Tana son itacen da Allah Ya yi shi baƙi, na asali. Na ce irinsa sai zuciyar tsohuwar kanya, kuma babu ita a nan. Ta ce, "Ai kai malami ne, za ka san dabara."

Kafin ta tafi ta jera su ta nuna mana yadda kowa ke tafiya. Ta ce ƙa'ida ce, fari ke fara tafiya. Baba Dattijo ya ce shi ya sa wasan bai karɓu a Kura ba.

Tana da gaskiya a kan shunin. Ina so in rubuta wannan tun yanzu: tana da gaskiya.

Asabar ɗin dai, bayan magariba

Badamasi ya kira. Sai ya hau dutsen bayan gari yake samun sabis, don haka ba kullum ba ne. Shi ya zauna da Inna da gona lokacin da na fito. Ƙanena ne, amma shi ya ɗauki kayan babba.

Ya ce Inna lafiya, sai ƙafa. Ya ce garin shiru kwana biyu. Sannan ya ce, "Yaya, mi ya hwaru na ji muryarka ƙasa-ƙasa?"

Na ba shi labarin shuni don ya yi dariya. Ya yi. Sai na ce da a gida nake da ban rasa baƙin itace ba. Magana ce kawai, irin wadda mutum ke yi in ya gaji.

Ya ce, "Ka manta kanyar Baba ta bakin rafi? Ta bushe tsaye tun bara waccan. Iccen ga ya girmi kakanmu. Baba da bakinai ya ce cikinta baƙi ƙirin ne. Guntu guda ya ishe ka, in ba Sallau direba ya kawo ma."

Rafin yana bayan gonakin da babu wanda ya noma damina biyu saboda 'yan bindiga.

Na ce kada ya je. Na faɗa sau biyu. Ya ce, "Na jiya, Yaya." Yana dariya. Sabis ya ɗauke.

Laraba, 1 ga Mayu, da walaha

Kubra ce ta kira, matar Badamasi, da wayar maƙwabta. Ba ta taɓa kirana da kanta ba.

Ya fita jiya bayan asuba da gatari da jaki. Jakin ya dawo da la'asar.

Ni ban ce ya je ba.

Alhamis, 2 ga Mayu, da azahar

Ba su kira ba. Kubra ta ce wayarsa na gida, a ƙarƙashin matashi ya bar ta, amma ya haddace lambata da ta maigari. Duk wanda ya fito daga wajenmu ya san in an kira, to mutum na numfashi. Ban taɓa zaton zan zauna ina roƙon Allah Ya sa waɗancan su kira ni ba.

Na kai wayar caji wurin mai shago sau biyu alhali ba ta mutu ba.

Juma'a, 3 ga Mayu, bayan an sauko

Na je tasha. Sallau direba, wanda ke kai shinkafar Kura kasuwannin yamma, ya ce daga kwanar da ake sauka zuwa garinmu babu motar da ke shiga yanzu. Ya ce, "Malam, in ka je me za ka yi? Ka ƙara musu mutum?" Na ji haushinsa. Amma bai yi ƙarya ba.

Na dawo. Hannu ba ya son zama. Matan da ke turara shinkafa a bayan masallaci suna da tsohon turmin kirya da ya tsage, suna shirin sa shi a murhu, na roƙa suka ba ni. Kirya ba baƙa ba ce, ja ce mai duhu kamar hanta, amma ta sha daka shekara da shekaru, ta bushe har ƙashi. Na zuba tsoffin ƙusoshi a tukunya da ruwan tsamiya da ɗan sukari, na rufe. Kuloko ke nan, baƙin da dukawa ke yi wa fata. Na san shi tun ina koyarwa. Ban kawo shi ba ranar Asabar don an ce ba a son rini.

Lahadi, 5 ga Mayu, da hantsi

Ba su kira ba.

Talata, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Kirya tana cin bakin wuƙa. In na yi sara goma sai na wasa. Na gode mata, don ba ta barin mutum ya yi tunani.

An buɗe ruwa yau, kanal ya cika har baki. Injinan ban-ruwa suna ta ƙara, mutane na ta faɗa a kan wa ya riga wa. Wani ya zo har rumfata yana huci, wai maƙwabcinsa ya toshe masa hanyar ruwa da buhun ƙasa, in zo in shaida. Na dube shi kawai. A raina na ce, ku da kuke kwana a gona da fitila babu abin da ke taɓa ku. Daga baya na ji kunya. Shinkafarsa ce abincin 'ya'yansa, kuma ba shi ya kore ni daga gida ba. Na gyara masa ƙotar shebur ban karɓi komai ba.

Kubra ta ce ba a faɗa wa Inna ba, an ce ya je fatauci. Inna ta ce, "Da gatari?"

Rifkatu ta aiko da koko da ƙosai. Na ci rabi don kada kwanon ya koma yadda ya zo.

Alhamis, 9 ga Mayu, da azahar

Zafi. Kwanon rumfar har ƙara yake yi. Ina zaune na ji ɗas a kan kantar da na jera fararen. Farin soro ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa. Aduwar ba ta bushe ba. Na sani tun farko.

Na dafa bagaruwa, na jiƙa sarkin kirya a ruwanta, na shanya, sannan na shafa kuloko da gashin kaza. Ina kallo ya juye. Ja ya tafi, baƙi ya zo, ba a sama kawai ba, ya shiga cikin naman itacen. Da ya bushe na murza shi da man kaɗe. Na goga a farar rigata. Babu komai.

Bagaruwar a bayan rumfata take. Tun da na zo nake shan inuwarta.

Ba su kira ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da la'asar

Hajiya ta zo ba sanarwa, ta je duba gonar mijinta a Bunkure ta biyo. Na nuna mata sarki da doki na kirya. Na faɗa mata gaskiya cewa rini ne, ba na asali ba. Ta ciro farin hankici ta murza sarkin da ƙarfi, ta duba. Ta lasa yatsa ta sake murzawa.

"Kai, Malam! Ai wannan ya fi na hoton ma. Ka bar wahalar neman kanyar nan, wannan ya isa. Me ya sa ba ka nuna mini shi tun farko ba?"

Na ce Allah bai nufa ba.

Ta ce na rame, ko zazzaɓi ne, ta ba ni magani daga jakarta. Ta tambayi mutanen gida. Na ce suna nan.

Ba ta sani ba. Mace ce mai son aikinta ya yi kyau, yadda nake son nawa. Kalma ɗaya ta faɗa, asali, kuma ba a kunnen Badamasi ta faɗa ba. Na zauna bayan tafiyarta ina neman inda zan ajiye haushin, na rasa wuri.

Ni ban ce ya je ba. Cewa na yi da a gida nake.

Litinin, 13 ga Mayu, da hantsi

Sallau ya tsaya a bakin titi ya yi mini hon. Shi da yaran motarsa suka mirgino wani gungume a cikin buhu, tsawonsa ya kai kamu biyu. Ya ƙi haɗa ido da ni.

Ya ce mazan gari sun yi ƙungiya ranar Juma'a sun je har bakin rafi. Sun tarar da babban reshen kanyar a ƙasa, gatarin a gefe, da takalmi ɗaya. Ba su ga kowa ba. Kubra ce ta ce a ƙarasa yanke guntun a kawo kwana a amalanke, a ba shi. Ta ce, "Abin da ya je nema ke nan, a kai wa Yaya Malam."

Na ce, "Da fushi ta faɗa?"

Sallau ya ce, "Wallahi ban sani ba, Malam. Ni saƙo aka ba ni."

Da ya tafi na cire buhun. Badamasi bahago ne. Saran bahago daban yake, yana kwantawa ta ɗaya gefen, tun yana yaro nake yi masa faɗa a kai har na gaji. Kan gungumen duk saransa ne, mai tsabta, ba gaggawa. A gindin kuwa, ya ci kusan kashi uku cikin huɗu, sai saran ya canza hannu. Na dama ne, na mutum mai sauri yana waige.

Na sa yatsa a inda nasa ya tsaya. Saran ƙarshe bai fi na farko rauni ba. Bai ji zuwansu ba ke nan. Ban san ko wannan abin godiya ba ne.

Kan saran ya yi duhu da ƙasa da rana, ba a gane launin ciki. Na mayar da buhun.

Talata, 14 ga Mayu, da azahar

Farin liman ya tsage, da dakaru uku. Na daina duba kantar.

Baba Dattijo ya zo. Sallau ya faɗa masa. Bai ce Mai-icce ba, ya ce Malam, sai na ji kamar wani aka kira. Ya zauna a kan turmin da na fasa. Can ya nuna buhun da haɓa.

"Shi ne?"

"Shi ne."

"Ba za ka tsaga ka gani ba?"

Na ce sai mai shi ya zo. Shi zai fara sa gizago, in ya so ya yi mini dariya.

Ya ce Allah Ya sa. Ya ciro goro ya raba biyu.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan asuba

An kira. Maigari ne.

Alhamis ɗin, da la'asar

Masu neman zuma suka gan shi, can gaba da rafi. An kai shi kafin azahar, ba a iya jira ba.

Na ce ina tafe ko da ƙafa ne. Aka ba Inna wayar, har kan dutsen aka kai ta. Muryarta ba ta rawa. Ta ce, "Suhaibu, kak ka taho. Guda ya isa."

Juma'a, 17 ga Mayu, da yamma

Liman ya sanar bayan salla. Ban san mutanen garin nan sun san sunana ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bagaruwa. Mai rigimar ruwa ya zo, shi da maƙwabcin nasa, kafaɗa da kafaɗa. Rifkatu da mijinta sun zo, suka zauna a gefe, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Kowa na cewa Allah Ya jiƙan rai, ina cewa amin. Babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa a cikinsu. Wani ya tambaye ni ko ciwo ya yi. Baba Dattijo ya ce, "Kai, ana tambayarka ne?"

Ban yi magana da Kubra ba. An ce ta shiga takaba, ba ta iya hawa dutse.

Litinin, 20 ga Mayu, da hantsi

Na tsaga.

Na kafa ƙarfe a kai, na buga da guduma, ya buɗe gida biyu da ƙara ɗaya, don ya bushe sarai.

Fari ne.

Fari tas, da ɗan ja-ja kamar cikin tafin hannu. Na ce ko sai can ciki. Na sake tsagawa, na sake. A tsakiya can akwai baƙin, siriri kamar zanen kwalli, ya bi tsawon itacen daga sama har ƙasa. Ko kan soja ɗaya ba zai fitar ba.

Na koya wa ɗalibai wannan da bakina, cewa ba kowace kanya ke yin baƙar zuciya ba, kuma ba a sani sai an buɗe. Babanmu bai taɓa buɗe ta ba. Shi ma ji ya yi daga nasa uban. Mu duka mun girma muna nuna ta da yatsa muna cewa cikinta baƙi ƙirin.

Na zauna a ƙasa a cikin ɓawon. Ban san tsawon lokacin ba. Rifkatu ta zo karɓar kwanonta, ta gan ni, ta koma ba ta ɗauka ba.

Talata, 21 ga Mayu, da azahar

Ban taɓa komai ba.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Baba Dattijo ya ɗauki tsagi ɗaya ya auna nauyinsa a hannu, ya shinshina.

Ya ce, "Ba ni shi. Baƙi ya je nema maka, baƙi za ka samu. Zan tsoma shi har sai ya manta ya taɓa yin fari. Wannan karon ba zan sa gari ba, na rantse, ko jariri ya tsotsa ba zai zuba ba."

Na san abin da yake nufi, kuma na gode masa. A wurinsa babu girmamawar da ta fi wannan.

Na ce a'a. Yadda ya aiko shi haka zai zauna.

Ya dubi kantar, inda fararen aduwa ke tsaye rabi a tsage. Ya dube ni. Sai ya jawo dutsen washi ya fara wasa mini wuƙaƙe. Bai iya ba. Na bar shi.

Asabar, 25 ga Mayu, da walaha

Da kanyar nake sake sassaƙa fararen. Tana da daɗin aiki. Ba ta gardama irin ta kirya, ba ta yaudara irin ta aduwa. Inda ka sa wuƙa nan take bi, ta bar fuska sumul. Ban taɓa sassaƙa itacen da ya kai ta ba, kuma ina jin haushin hakan.

Ba zan sa mata komai ba, ko lalle ko gangamau. Man kaɗe kaɗai, shafa ɗaya.

Na fitar da sarki daga tsakiya, don haka zanen kwallin ya bi ta cikinsa, ya fito a ƙeya. Hajiya za ta iya cewa aibi ne. In ta ce, sai ta yi haƙuri.

Gindin gungumen, inda saran ya canza hannu, na yanke shi da zarto na naɗe a rigata ta Juma'a. Wannan ba na makaranta ba ne.

Kubra ta aiko Sallau da magana. Ta ce in itacen ya yi, a faɗa mata, don Badamasi ya yi ta murna a daren yana cewa Yaya zai sha mamaki. Sallau ya tsaya yana jiran amsa, injin motarsa na aiki.

Na ce ya ce mata ya yi. Ya ce mata na sha mamaki.

Talata, 28 ga Mayu, da la'asar

An gama. Gobe da safe direban Hajiya zai zo ɗauka.

Hadari ya haɗu ta gabas tun azahar, na farko a bana. Masu albasa suna ta guje-guje da leda. A gida yanzu da an fara gyaran gona. Ban san wa zai yi wa Inna ba.

Na shimfiɗa allon wasan a kan benci na jera su don in duba tsayi. Kirya a can, baƙi ƙirin, turmin matan bayan masallaci. Kanya a nan. Babu wanda zai ruɗe, daga bakin titi ma ana gane kowa da nasa.

Baba Dattijo ya zo ganin ƙarshen aiki. Ya zagaya bencin sau biyu, hannuwansa a baya don kada ya taɓa fararen. Sannan ya zauna a bayan baƙaƙe.

"Nan ne gidanmu," in ji shi. "Zauna, Mai-icce, mu gwada ko sau ɗaya kafin a kai wa 'ya'yan masu kuɗi. Na riƙe yadda doki ke tsalle, sauran ma yi ta ƙarya."

Na zauna. Na ɗora yatsa a kan soja ɗaya. Sanyi gare shi duk da zafin nan.

Ni na goya Badamasi zuwa makarantar allo. Ni na koya masa riƙon gatari, ya ƙi, ya riƙe da hagu. Ko cin tuwo ne sai na sa hannu yake sawa.

Iska ta taso, ta fara kaɗa kwanon rumfar. Baba Dattijo ya jira, ya jira.

Ya ce, "Tafi mana. Hajiya ta ce fari ke fara tafiya."

Na ce na sani.